Indunisiya ma an yi sata, to ta ina suka bi suka wuce mu?

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Yogyakarta, garin da masu shi ke kira Jogja, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya. Karatu ne ya kawo ni, koyarwa ta zaunar da ni. Asalina daga wani ƙauye ne a kudancin Kano, cikin yankin da ruwan Tiga ke ratsawa. Gidanmu gidan noman shinkafa ne, kuma ƙanena ne yake riƙe da gonar da marigayi mahaifinmu ya bar mana a bakin kanal.

Wannan ƙanen nawa shi ya sa ni wannan rubutu. A farkon watan Agustan 2024, kwanakin da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa har wasu matasa suka riƙa ɗaga tutar Rasha a Kano suna kiran soja su dawo, ya kira ni cikin dare da wata murya da ban san shi da ita ba. Buhun taki ya gagare shi, man da zai zuba wa injin ban-ruwa ya gagare shi. Ya ce, "Yaya, ku da kuke can ai gani ya kori ji. Duk ƙasashen nan soja ne suka miƙar da su da bulala. Mu ma abin da ya rage mana ke nan." Na ce ya yi haƙuri, zan ba shi amsa a tsanake. Ban iya ba shi a waya ba, domin maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, kuma wanda taki ya gagara ba a tsayawa yi masa lacca. Abokaina kuwa, duk inda muka haɗu hira, bakinsu ɗaya ne: sata ce ta kashe Najeriya, ran da aka daina sata ran nan za mu tashi. Zaman da na yi a nan ya sa amsoshin nan biyu duk sun daina gamsar da ni.

In ana neman ƙasar da za a gwada Najeriya da ita, ban ga wadda ta kai Indunisiya dacewa ba. Dubai da Singafo da ake yawan buga mana misali da su birane ne, kowanne mutanensa ba su kai na jihar Kano ba. Indunisiya kuwa mutum wajen miliyan 280 ne, a ƙasa mai tsibirai fiye da 17,000 da harsuna sama da 700. Musulmi ne mafi rinjaye, ga Kiristoci da yawa a gabashin ƙasar da kuma arewacin Sumatra, ga mabiya Hindu a Bali. Turawan Holan ne suka ɗinke ta wuri ɗaya kamar yadda Ingila ta ɗinke mu. Tana da man fetur, ta ma riga mu shiga OPEC: ita a 1962, mu a 1971. Soja sun karɓe ta tsakanin ƙarshen 1965 da farkon 1966, daidai lokacin da namu suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Janar Suharto ya sauka daga mulki ran 21 ga Mayun 1998, Janar Abacha ya rasu ran 8 ga Yunin shekarar, kwana 18 tsakani. A 1999 mu da su muka yi zaɓe muka koma farar hula.

A 1980, in aka raba arzikin ƙasa a kan yawan jama'a, rabon ɗan Najeriya ya fi na ɗan Indunisiya. Yau nasu ya ninka namu fiye da sau uku. Ni dai ba sai na duba alƙaluma ba. Shekara bakwai ban sayi janareto ba. Mai shayi da mai suyar ayaba a bakin titi da koren tulun gas mai kilo uku suke girki. Jirgin ƙasa yana tashi daga Jogja zuwa Jakarta a kan lokacin da aka rubuta a tikiti.

Maganar sata na fara dubawa, tunda ita muka fi riƙewa. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta fitar da jerin shugabannin da aka fi zargi da wawure dukiyar ƙasa. Suharto ne a sama, da kiyasin dala biliyan 15 zuwa 35. Abacha na huɗu ne, da biliyan 2 zuwa 5. A 1975, shekarar da jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas ana biyan su kuɗin jira, a nan kamfanin man gwamnati, Pertamina, ya durƙushe da bashin wajen dala biliyan 10 a hannun wani janar, Ibnu Sutowo, wanda ya mai da kamfanin kamar gadon gidansu. Ɗan Suharto na ƙarshe, Tommy, an damƙa masa cinikin kanumfari na ƙasa gaba ɗaya, manomi ba ya sayarwa sai ta hannunsa. Har yau in ka je wani ofis neman takarda za ka iya cin karo da mai jiran abin da suke kira kuɗin taba, wato na goro a wurinmu. Ni ma an taɓa riƙe mini takarda mako uku a wani ofis saboda na ƙi ganewa. Don haka duk wanda ya ce maka mutanen nan tsarkaka ne, bai zauna da su ba. An sace musu, an kuma sace mana. Abin tambaya shi ne, abin da ya saura bayan satar, ina aka kai shi?

Mai gidan da nake haya dattijo ne, ya haura saba'in, mutumin Gunungkidul ne, wani yanki mai duwatsu da ƙarancin ruwa a kudu maso gabashin Jogja. Ina kiransa Mbah, kamar a ce Kaka, shi kuma yana ce mini Mas, yadda suke kiran namiji cikin girmamawa. Wata rana muna zaune a baranda matarsa ta kawo mana tiwul, wani abinci na garin busasshen rogo, wanda yanzu ake sayar wa masu yawon buɗe ido da kwakwa da sukari. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Mas, wannan shi ne abincin yunwa. Muna yara shinkafa sai ran salla." Lokacin da yake faɗa shi ne tsakiyar shekarun 1960, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 600 cikin 100 a shekara guda, a ƙarshen mulkin Sukarno, shugaban ƙasar na farko.

Abin da gwamnatin Suharto ta yi daga nan ba wani sihiri ba ne, kowane malamin gona a Kadawa ya san shi. A shirinsu na raya ƙasa na farko, 1969 zuwa 1974, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ayyuka noma da ban-ruwa aka ba. Suka yashe tsofaffin magudanan ruwan da Turawa suka bari suka lalace. Suka kawo sabon irin shinkafa daga cibiyar bincike ta IRRI da ke Filifin. Suka faɗaɗa masana'antar taki ta Palembang, suka gina wasu da iskar gas ɗinsu, suka karya farashin takin. Bankin gwamnati, BRI, ya buɗe ƙananan rassa a karkara yana ba da rance. Malaman gona suka bazu. Sai kuma abin da na fi ganin muhimmancinsa a matsayina na ɗan manomi: hukumar Bulog tana sanar da farashin da shinkafa ba za ta faɗi ƙasa da shi ba, in kaka ta yi kasuwa ta karye sai ta saya ta zuba a rumbu, in tsada ta taso ta fitar. Manomi ya san tun kafin ya yi dashe cewa ba zai sayar da guminsa a wulaƙance ba. Wanda ya taɓa ganin mahaifinsa ya kai shinkafa kasuwa da kaka ya dawo da kuɗin da bai biya bashin taki ba, shi ya san darajar wannan.

A ƙarshen shekarun 1970 Indunisiya ce ta fi kowace ƙasa a duniya sayen shinkafa daga waje. A 1984 ta ciyar da kanta, bayan abin da take nomawa ya ninka cikin shekara 15. Da kuɗin fetur ya kwararo bayan 1973, suka gina makarantun firamare fiye da 61,000 cikin shekara biyar zuwa shida, aka fi kai su inda yara suka fi rashin makaranta. Ƙannen Mbah a irin wannan makaranta suka yi karatu, ɗaya ta zama ungozoma. A lissafin gwamnatinsu, masu fama da talauci sun sauko daga kashi 40 cikin 100 a 1976 zuwa kashi 11 a 1996.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa ɓarawon shugaba zai damu da manomi haka? Wasu a nan suna cewa don shi ma ɗan ƙauye ne, an haife shi a Kemusuk, ba nisa da inda nake zaune. Wataƙila akwai wannan. Amma shugabanninmu ma ai 'ya'yan ƙauye ne kusan dukansu. Abin da na fi yarda da shi shi ne tsoro. Kafin 1965 jam'iyyar kwaminisanci ta Indunisiya tana da mambobi wajen miliyan uku, kuma ƙarfinta yana cikin manoman Jawa marasa gona. Soja sun murƙushe ta da kisan da ba a cika son tuna shi ba, amma sun san abin da ya haife ta, sun san yunwar ƙauye ce, kuma in ta dawo kansu za ta ci. Da shinkafa ta yi tsada a 1972 da 1973, aka yi tarzoma a Jakarta a Janairun 1974, sai suka ƙara damƙe maganar abinci. Kujerar Suharto a kan buhun shinkafa take, kuma ya sani.

Mu fa, wa shugabanninmu suke tsoro a wancan zamani? Bariki suke tsoro, sai ma'aikatan gwamnati, sai ɗaliban jami'a, sai mutanen Legas. Nan juyin mulki yake fitowa, nan yajin aiki yake fitowa. Don haka nan kuɗin ya tafi. A 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji har da ariyas, kuɗi ya cika birni, samari suka ajiye fartanya suka nufi Kano da Kaduna. Aka yi FESTAC a 1977, aka fara Abuja, aka fara Ajaokuta. A shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 rabon noma bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kafin fetur, gwamnatin Arewa da kuɗin gyaɗa da auduga da haraji da jangali take rayuwa. Tana tatsar manomi, wannan ba a musu, amma tana buƙatarsa da rai da lafiya, dole ta kai masa iri da hanya da malamin gona. Da fetur ya zo, sai ya zama gwamnati za ta iya biyan albashi ko da ba a noma ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Farin 1973 da cutar gyaɗar 1975 suka rushe dalar gyaɗa, kuma ba wanda kujerarsa ta girgiza.

Akwai abin da muke tunawa da alfahari wanda ni yanzu nake ganin shi ne wuƙar da ta yanka manomi: ƙarfin naira. Dattawanmu suna cewa a 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu, kuma gaskiya ne. Amma ma'anarsa ita ce shinkafar Amurka da ta Tailan ta fi ta Kura araha a kasuwar Kano, kuma audugarmu da fatarmu sun yi wa mai saye a waje tsada. Wanda ya samu lasin shigo da kaya ya zama attajiri a dare ɗaya, wanda ya shuka ya tafka asara. Indunisiya kuwa a Nuwamban 1978, kuɗin mai yana shigowa, babu wanda ya tilasta musu, suka karya darajar rupiya da gangan don kada mai noman roba da kofi da mai ƙaramar masana'anta su mutu. Suka sake a 1983, suka sake a Satumban 1986, watan da Babangida ya buɗe kasuwar canji a ƙarƙashin SAP. Magani iri ɗaya ne a wata ɗaya, amma su ya tarar da manomi a ƙoshe da yara masu karatu da za su shiga masana'antar takalma da tufafi, har a 1987 abin da suke fitarwa wanda ba mai ba ya zarce na mai. Mu ya tarar da mu jiki duk ciwo.

Ba na cewa ba a yi komai a wurinmu ba. Kanal ɗin da ke gaban gonarmu shaida ne. Audu Bako ya gina dam ɗin Tiga, aka gama a 1974, kuma duk shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga ruwan nan suke. Inda aka kai wa manomi ruwa, ya nuna abin da zai iya. An yi UPE, shirin ilimin firamare kyauta, a 1976, azuzuwa sun tashi a ƙauyuka. Matsalar ita ce ba a ɗore ba. Obasanjo ya zo da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da juyin noma a 1980, wanda ya biyo baya ya zo da nasa sunan. Kuɗin mai na raguwa aka daina biyan malaman firamare. Kacala ta toshe magudanai shekara da shekaru. A Bakolori kuwa an karɓe gonakin mutane don aikin dam, da suka tsaya neman diyya a 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe manoma da dama.

Ko masu cin arzikin kusanci da gwamnati ma akwai bambanci. Indomie da yaranmu suke ɗauka abincin gida ce, ta nan ce. Mallakar gidan Salim ce, kuma uban gidan, Liem Sioe Liong, aminin Suharto ne wanda aka ba damar niƙa alkamar ƙasar kusan shi kaɗai. Alfarma ce tsagwaronta, har ma a tarzomar 1998 aka ƙona gidansa saboda haushin haka. Amma alfarmar ta zama masana'anta, masana'antar ta tsallaka teku ta kafu a Ota a tsakiyar shekarun 1990, daga baya Fatakwal da Kaduna. A daidai shekarun ne masaƙun Kakuri da na Sharaɗa da Bompai suke rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Abin yana min ciwo musamman in na bi ta unguwannin masu batik, rinin zanensu na gargajiya, a Jogja da garin Solo, domin atamfar da iyayenmu mata suke ɗaurawa daga batik ɗin nan ta samo asali, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo mana. Su har yanzu suna rinawa suna sayarwa, mu kuwa Kantin Kwari ya cika da ta Sin.

To, ƙanena, ga inda kake da gaskiya. Daga 1966 zuwa 1999 Najeriya ta yi shugabanni goma. Indunisiya kusan duk tsawon lokacin mutum ɗaya ne, Suharto. Ministan kuɗinsa, Ali Wardhana, shekara 15 ya yi a kujerar, daga 1968 zuwa 1983, kuma Widjojo Nitisastro ya riƙe hukumar tsare-tsare kusan tsawon haka. Wanda ya san zai daɗe yana iya dasa itace. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a bariki, abin da zai kwasa yau yake dubawa. Ɗorewar manufa tana da amfani, ban musa ba.

Amma ka tuna mu ma mun yi soja, wajen shekara 29 cikin waɗancan 33. In kaki ne maganin, da mun warke tuni. Ƙasar Bama, wato Myanmar, tana yankin nan, soja suka karɓe ta tun 1962, ƙasar da ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, yau tana cikin matalautan yankin kuma tana yaƙi da kanta. Kiran soja caca ce: ba kai za ka zaɓi wanda zai fito ba, kuma in ya fito mugu ba ka da hanyar cire shi. Sannan ka san farashin da aka biya a nan? Tsakanin 1965 da 1966 an kashe mutum aƙalla 500,000, yawancinsu talakawan ƙauye da aka ce 'yan kwaminisanci ne, wasu don kawai sunansu yana cikin rajistar wata ƙungiyar manoma. Mbah da yake da surutu, in hira ta zo nan sai ya rage murya ya dubi ƙofa, shekara sittin bayan abin. An mamaye Timor ta Gabas a 1975, an yi ɓarnar rayuka mai yawa. An harbe masu zanga-zanga Musulmi a Tanjung Priok a 1984. Su ma suna da Bakolorinsu, dam ɗin Kedung Ombo, inda aka sako ruwa a 1989 mutane suna cikin gidajensu. Duk mai kiran bulala yana ɗauka bayan wani za ta sauka.

Kuma ginin da ba shi da mai tsawatarwa ya zo ya rushe. Da 'ya'yan Suharto suka girma suka shiga kowace harka, babu kotu ko jarida ko majalisa da za ta ce musu kul. Rikicin kuɗi na Asiya ya zo a 1997, rupiya ta faɗo daga wajen 2,400 a dala zuwa fiye da 16,000, tattalin arziki ya ragu da kashi 13 cikin 100 a 1998. Aka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Trisakti, Jakarta ta kama da wuta, mutum fiye da dubu suka mutu, aka far wa 'yan ƙasa masu asalin Sin. Bayan haka rikicin addini ya ɓarke a Ambon da Poso, Timor ta Gabas ta ɓalle, lardin Aceh yana yaƙi, bam ya kashe mutum 202 a Bali a 2002. Masana da yawa a lokacin sun ɗauka ƙasar wargajewa za ta yi.

Abin da suka yi daga 1999 shi ne ɓangaren da na fi so mu duba, domin shi ne ya fi kusa da inda muke. Sun gyara tsarin mulki sau huɗu cikin shekara huɗu. Sun raba 'yan sanda da soja, sun cire kujerun da aka keɓe wa soja a majalisa zuwa 2004. Sun yi sulhu da Aceh a 2005, suka bar ta da shari'arta da jam'iyyunta da babban kaso na arzikin gas ɗinta. Sai babban cikinsu: daga Janairun 2001 suka sauke iko da kuɗi da ma'aikata wajen miliyan biyu daga Jakarta, suka tsallake larduna, suka kai kai tsaye ga gundumomi da birane, waɗanda yanzu sun haura 500. Da gangan suka tsallake gwamnoni, don kada lardi ya yi ƙarfin da zai ɓalle. Daga 2005 jama'a suke zaɓen shugaban gunduma da hannunsu, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ce take gudanarwa ta rassanta.

Wannan ya canza wanda shugaba yake tsoro. Shugaban gunduma a nan yana iya faɗuwa zaɓe, kuma suna faɗuwa. Saboda haka suka shiga gasar wa zai ba da magani kyauta, wa zai gyara kasuwa, tun kafin gwamnatin tarayya ta kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2014. Ta wannan ƙofa ce wani mai sayar da kujeru da gadaje a Solo, Joko Widodo, wanda ba janar ba ne kuma ba ɗan gidan sarauta ba, ya zama magajin gari a 2005, gwamnan Jakarta a 2012, shugaban ƙasa a 2014. Ka gwada da ƙananan hukumominmu 774. Kuɗinsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamna ne ke naɗa hukumar da za ta yi zaɓensu, jam'iyyarsa ta lashe duka, in ma bai ga dama ba ya naɗa kantomomi. Ciyaman bai san yana da ubangida ba sai gwamna. Hukumar da ta fi kusa da manomi ita ce wadda manomi ba shi da ko ƙwayar iko a kanta.

A 2014 suka ƙara sauka mataki ɗaya da dokar ƙauyuka. Ƙauyuka wajen 75,000 kowanne yana samun kuɗi daga baitulmalin ƙasa, a 2024 kusan rupiya biliyan ɗaya a shekara, kuma dagacin zaɓensa ake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani babban allo da ake kafewa a gaban ofishin ƙauye, an rubuta nawa ya shigo bana, nawa za a kashe a kan kwalbati, nawa a kan hanyar gona, nawa a kan awon jarirai. Ranar da na fara gani na tsayar da babur na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Ana cin kuɗin nan ma, dagatai da dama suna kurkuku a kansa. Amma mai shara ma ya san adadin, kuma ya san ƙofar gidan wanda zai tambaya.

Ba aljanna nake ba ku labari ba. Sayen ƙuri'a a nan har suna gare shi, harin asuba, ambulan da ake rabawa da sassafe ranar zaɓe, kamar taliya da sabulunmu. Hukumar yaƙi da cin hanci, KPK, wadda ta taɓa kai shugaban kotun tsarin mulki ɗaurin rai da rai a 2014 da kakakin majalisa ɗaurin shekara 15 a 2018, 'yan siyasa sun haɗu sun rage mata ƙarfi a 2019. Joko Widodo ɗin da aka yi alfahari da shi, ɗansa ya zama mataimakin shugaban ƙasa bayan wani hukuncin kotu a 2023 da ya sassauta sharaɗin shekaru, a lokacin da surukin gidansu ke shugabantar kotun. Shugaban yanzu, Prabowo Subianto, tsohon janar ne, tsohon surukin Suharto, wanda aka sallama daga soja a 1998 kan sace 'yan gwagwarmaya. A 2025 an faɗaɗa muƙaman farar hula da soja za su iya riƙewa, kuma a watan Agustan shekarar matasa sun cika tituna kan alawus ɗin 'yan majalisa. Ɗalibaina suna cikin damuwa ƙwarai, suna ganin abin da iyayensu suka ƙwato a 1998 yana zamewa. In na ce musu a ƙasarmu wasu suna roƙon soja su dawo, sai su yi shiru suna kallona.

Ran 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba. Mako uku kafin zanga-zangar nan ke nan, amma ban ji an ɗaga kwali ɗaya a kan a aiwatar da shi ba. Da a ce rabin fushin da aka kashe wajen kiran soja an juya shi nan, a kan kuɗin da ake rabawa duk wata da sunan ƙauyukanmu, da a kan wa zai gudanar da zaɓen ciyaman, da gwamnoni sun san an taɓa inda yake musu zafi.

Da na gama rubuta wannan na karanta wa ƙanena a waya, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Na ce masa kuɗin da ake ware wa kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata, zan riƙa turo masa na tamu, ya kai sakatariya ya tambaya me aka yi da shi. Ya ce, "Yaya, ni kaɗai wa zai saurare ni?" Na tambaye shi su nawa ne a ƙungiyarsu ta masu amfani da ruwan kanal. Ya tsaya yana lissafi, ya ce in aka haɗa da na ɓangaren gabas za su haura ɗari biyu. Ya ce suna da taro ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kan maganar yashe kacala kafin noman rani, in turo takardar kafin ranar.